Ka ga jini a fitsari? Ga abin da zaka yi daki-daki kafin koda ta tabu

Tambayar nan ta fitsarin jini ta ki karewa, yau wannan ya ce yaronsa ne, gobe waccan ta ce maigidanta ne ya gani sau daya ya dauke, jibi wani ya turo hoton takardar gwaji hankalinsa a tashe yana tambaya ko kodarsa ce ta lalace. Shi yasa na ga gara in zauna in jera abin gaba daya, tun daga lokacin da ido ya ga jan har ranar da likita zai ce an gama. Jini a fitsari alama ce cewa akwai inda yake zubar da jini tsakanin koda da bakin mafita, zai iya zama kodar kanta, ko bututun da ya sauko daga koda, ko mafitsara, ko furostet ga maza, ko hanyar da fitsarin ke bi ya fito. Mafi yawan abubuwan da ke kawo shi suna da magani, wasu ma maganin ba tsada, inda muke tafka asara shine a jerin matakan, sai mutum ya fara da magani wata da watanni sannan ya kare da gwaji, alhali gwajin ne ya kamata ya zo a gaba.

1. Tara fitsarin ka gani da idonka

Yawancinmu a masai ko a kasa muke tsugunawa, babu yadda za a yi ka ga ainihin kalar fitsarinka, sai dai digo a jikin wando ko dan ja-ja lokacin tsarki. Toh ka samu gorar ruwa ta roba wadda ake ganin cikinta, ka wanke ta, ka yanke bakin in ya yi kankanta, fitsarin da zaka yi na gaba ka tara a ciki ka fito da shi haske ka duba. Kar ka duba da fitilar waya cikin dare, tana boye kala.

Abubuwa hudu zaka lura dasu. Kalar, ja ce kamar ruwan da aka wanke nama, ko jajir, ko kuwa duhu ce kalar bakin shayi. Lokacin da jinin ke zuwa, a farkon fitsari ne, ko a digon karshe, ko ya gauraye tun daga farko har karshe. Akwai gudaji ko babu. Sannan akwai ciwo ko babu, in akwai a ina, radadi ne wajen fita, ko mara, ko kwibi.

Wadannan ba kananan bayanai bane, da su likita yake fara gane inda zai nufa. Jinin da ya zo a farko yawanci daga hanyar fita yake, na digon karshe daga mafitsara ko wuyanta, wanda ya gauraye kuma zai iya zama daga mafitsara ko daga sama can koda. Ita koda a cikinta akwai wasu kananan matatai masu aiki kamar rariya, suna rike jini da furotin su bar ruwan datti ya wuce, in su ne suka kumbura fitsarin yakan yi duhu kalar shayi da kumfa mai dadewa bata baje ba, kuma ba kasafai ake ganin gudaji ba. Ka dauki hoton gorar a wayarka, don sau da yawa ranar da ka isa gaban likita fitsarin ya washe kamar ba a yi komai ba.

Gargadi a nan: sau daya ma lissafi ne. In ka gani yau gobe ya dauke, wannan daukewar ba warkewa bace, cututtukan da suka fi hadari ma haka suke yi, su nuna su buya, sai bayan watanni su dawo.

2. Tabbatar daga fitsarin yake

Mace ta fara lissafa kwanakin al'adarta, jinin haila ko na biki yana shiga fitsari ya rikita komai, sai a jira kwana biyu zuwa uku bayan an yi wanka a sake dubawa. Mai basir ya lura ko daga baya jinin ke digowa. Mai shan maganin tarin fuka kuma akwai rifampicin a cikin hadin, yana maida fitsari ja-ja ko kalar lemo har da gumi da hawaye, wannan ba jini bane, kuma dan Allah kar a daina shan maganin tibi saboda shi. Flagyl da nitrofurantoin suna sa fitsari ya yi duhu, shawara ma haka, jan gwoza din nan na cikin salak shima yana rina fitsarin wasu.

Amma ba kai zaka yanke hukuncin cewa ai maganin ne ba ka kwanta, in kana kokwanto gwajin fitsari na mintuna kadan zai raba gardama. Mai ciki kuma ko matar da al'ada ta dauke mata da dadewa, duk inda jinin ya fito asibiti ne kai tsaye, ba sai an tsaya tantance kofa ba.

3. Duba ko naka na yau-yau ne

Akwai wanda zai iya kwana ya je da safe ya yanki kati ya bi layi, akwai wanda bangaren gaggawa zai nufa ko da karfe biyun dare ne. Ka tafi yanzu in fitsari ya ki fita gaba daya mara ta cika tana ciwo, yawanci gudan jini ne ya toshe, sai an sa robar fitsari an wanke mafitsarar. Ka tafi yanzu in akwai zazzabi mai karkarwa da ciwon kwibi da amai, don in dutse ya toshe hanya kuma kwayar cuta ta taru a bayansa koda bata daukar kwanaki kafin ta ji jiki. Haka in fitsarin ya ragu sosai, fuska ko kafa sun kumbura, numfashi na wahala, ko yaro ya fara ciwon kai mai tsanani ko jijjiga. Haka in jinin ya biyo bayan hatsarin babur ko faduwa ko duka a kwibi, ko mutum yana jiri tafin hannu da cikin ido sun yi fari fat.

Sai guda biyu da suka shafe mu sosai a karkara. Wanda maciji ya sara, musamman kububuwa, sannan aka ga jini a fitsari ko a dasashi, dafin ne ya hana jini daskarewa, allurar kashe dafi yake bukata ba tsaga ko dauri ba, Kaltungo a jihar Gombe ta yi suna a kan wannan aikin, amma a fara da babban asibiti mafi kusa. Na biyu mai zazzabin cizon sauro da fitsarinsa ya koma baki-baki idonsa ya yi dorawa, kwayoyin jininsa ne ke fashewa, kuma wannan yana iya tsayar da koda cikin kwana kadan.

4. Rike hannunka daga kemis

Wannan matakin shine wanda aka fi karyawa. Da an ga jini sai a ce sanyi ne, a je kemis a hado kafso ja da yalo, da ampiclox, da cipro, a kara da allurar gentamicin, in akwai ciwo a sa diclofenac ko ibuprofen ko piroxicam. Ga illar. Maganin kashe kwayar cuta in ka sha kafin a dauki fitsari, gwajin shuka kwayar cuta zai iya fitowa babu komai alhali akwai, ka biya kudi a banza kuma likita ya rasa wane magani ne daidai da ita. Su kuma diclofenac da danginsa suna rage jinin da ke shiga koda, ga wanda kodarsa ke fama dama ko jikinsa ba ruwa, su ne ke karasa ta. Gentamicin ma maganin asibiti ne mai amfani amma yana taba koda in aka yi shi ba awo ba gwaji.

Jike-jike da sassake da maganin sanyi na masu lasifika a kasuwa, a dakata dasu tukuna, ba wanda ya san nawa ne awonsu, kuma duk abin da ka hadiya kodar nan da ake tuhuma ce zata tace shi. In ciwo ya matsa a sha farasitamol daidai ka'ida. A sha ruwa sosai in fitsari na fita yadda ya saba, amma in jiki ya kumbura kuma fitsarin ya ragu kar a dura ruwa da sunan wanke koda, ruwan zai taru ne a jiki har ya kai huhu.

Mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin ko asfirin da likita ya dora shi a kai saboda zuciya ko shanyewar barin jiki, kar ya tsayar da kansa, ya je da maganin a hannu a ranar. Kuma kar a ce ai maganin ne ya kawo jinin shikenan, sau da yawa maganin tona abin da ke boye kawai ya yi, sai an bincika.

5. Hada labarinka kafin ka shiga

Likita a asibitin gwamnati yana da layi a kofa, minti kadan zaka samu, toh ka shiga da amsoshinka a shirye. Yaushe ya fara, sau nawa. Kana shiga ruwan dam ko gulbi ko kududdufi ko kana noman rani kafa cikin ruwa. An yi ciwon makogwaro ko kuraje ko kazuwa a makonnin baya. Kana da hawan jini ko suga. Meye jinsin jininka, AA ko AS ko SS. Akwai mai ciwon koda a dangi, ko wanda aka yi wa wankin koda. Kana shan taba ko ka taba sha shekaru. Duk magungunan da ka sha ka zuba a leda ka tafi dasu, har na gargajiyar, ka fadi gaskiya ba dukanka za a yi ba. In akwai fitar farin ruwa ko mugunya daga gaba shima ka fada, kunya a nan tsawaita jinya kawai take yi.

6. Yadda ake bada fitsarin gwaji

A nan sakamako da yawa ke lalacewa tun kafin ya isa kan teburin mai gwaji. Ka karbi kwalbar lab mai murfi, sabuwa, kar ka kawo a kwalbar magani ko ta turare ko leda. Ka wanke hannu, ka yi tsarki da ruwa zalla, kar yatsa ya taba cikin kwalbar ko cikin murfin. Ka saki na farko ya zuba kadan, sannan ka tara na tsakiya, rabin kwalba ya isa, ka rufe ka tabbatar an rubuta sunanka a jiki. Ya isa lab cikin awa daya zuwa biyu, in ya dade a aljihu cikin zafin nan namu kwayoyin jinin suna narkewa, kwayoyin cuta kuma su hayayyafa su bada sakamakon karya.

Amma fa in tsargiya ake nema, wato cutar tsutsar da ake dauka a ruwan dam ko kududdufi, tsarin ya juye. Kwan tsutsar ya fi fita da rana tsakanin karfe 10 na safe zuwa 2, kuma a digon karshe ya fi yawa, wanda ake matsowa bayan an ga kamar an gama. Kenan wanda ya kai na tsakiya da sassafe zai iya samun takarda ta ce babu kwai alhali mafitsararsa cike take dasu. In likita yana zargin duka biyun ka nemi kwalba biyu, daya na tsakiya daya na karshe, ka gaya wa mai lab wanne ne wanne. In ba a ga kwai a karon farko ba kuma tarihin shiga ruwa yana nan, a maimaita wata ranar.

Karamin yaro a yi hakuri a zauna dashi da kwalbar a bude a hannu bayan ya sha ruwa ko nono, ba a matse famfas ko tsumma a kai.

7. Gwaje-gwajen, daga mai sauki zuwa mai tsada

Na farko gwajin tsinke, wanda ake tsoma wata 'yar takarda mai kaloli a fitsari, shine mafi arha kuma har kananan asibitocin unguwa suna yi, yana nuna jini da furotin da suga da alamar kwayar cuta. Amma shi kadai baya isa, sai a duba a madubin likita a ga kwayoyin jinin da ido, daga 3 zuwa sama a fili daya na madubin ana kirga shi jini a fitsari ko da idonka baya ganin ja. A nan ne ake ganin kwan tsargiya da kwayoyin mugunya. In tsinke ya ce akwai jini madubi ya ce babu kwayar jini, toh jini ne ke fashewa a jiki ko tsoka ce ta ji rauni, hanyar bincike ta canza. Sai shuka, a takardar Najeriya zaka ga an rubuta m/c/s, a Nijar ECBU, yana daukar kwana biyu zuwa uku, shi ke fadin sunan kwayar cutar da maganin da ke kashe ta.

A tabbatar an auna hawan jini a ranar, in an manta ka tuna musu. Sannan gwajin jini na aikin koda, E/U/Cr, wanda a cikinsa kiriyatinin ne babba, wani datti ne da koda ke fitarwa daga jini, daga shi ake lissafa eGFR, wato awon karfin tacewar koda. In eGFR ya zauna kasa da 60 har wata uku ana kiransa ciwon koda mai dadewa, kasa da 15 kuma an kai gargara. Gargadi: kiriyatinin yana iya fitowa daidai alhali koda ta fara tabuwa, don baya tashi sosai sai aiki mai yawa ya tafi, shi yasa furotin a fitsari yake da muhimmanci, shi yake riga nunawa. A hada da PCV don a ga yawan jinin da ya rage, da suga, da jinsin jini in ba a sani ba.

Bayan nan sikanin na koda da mafitsara. Ka je da ruwanka ka sha kamar awa daya kafin a kira ka, ka rike fitsarin, mafitsarar da ba komai a ciki bata nuna abin kirki, da yawa an mayar dasu benci sun sake jira saboda sun zagaya kafin layi ya zo kansu. Sikanin yana nuna dutse, kumburin koda saboda toshewa, kaurin bangon mafitsara, girman furostet, da tsiro in ya dan girma.

Na karshe su ne masu nauyi a aljihu, hoton CT da kuma leka mafitsara da siririyar kyamara ta hanyar fitsari, da dauko dan naman koda a gwada in matatan ne ake zargi. Wadannan sai kwararre ya rubuta. Kar ka kai kanka CT, kudinsa zai biya maka duk gwajin da na lissafa a sama har da canji, kuma in da allurar rini za a yi dole a fara duba kiriyatinin. Farashi yana bambanta tsakanin asibitin gwamnati da lab na kudi, ka tambaya kafin a rubuta rasit, in kana da inshorar lafiya ta NHIA ko ta jiha ka nuna katin tun a farko. In kudin bai kai duka ba, ka gaya wa likita karara ya jera maka su bisa muhimmanci, fitsari da awon hawan jini da kiriyatinin su ne ba a tsallakewa.

8. Abin da sakamakon ke nufi, da wanda zaka gani

In an ga kwai, tsargiya ce, kuma a kasarmu in yaro dan makaranta ko almajiri yana digar da jini a karshen fitsari ita ce ta farko da ake zargi. Tsutsa ce da ke fitowa daga jikin kananan dodon kodi na ruwan da baya gudu sosai, ta huda fata lokacin wanka ko wanki ko kamun kifi ko dashen shinkafa, ta je ta zauna a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara tana zuba kwai. Duk inda aka yi dam da hanyoyin ban ruwa zaka same ta, yankin Kadawa da Kura da ke shan ruwan Tiga, Bakolori, fadamun Hadeja zuwa Nguru, gonakin shinkafa na bakin kogin Kwara a Nijar, har bakin tafkin Volta a Gana. Abin da ke ci min rai shine har yanzu akwai garuruwan da ake cewa ai alamar balaga ce ko zafin rana ne, yaro ya shekara biyar yana yi ba wanda ya damu. Kwan nan da ke makalewa a bango yana barin tabo, tabon ya matse bututun da ke saukowa daga koda, fitsari ya rika komawa baya koda ta kumbura tana lalacewa a hankali ba ciwo ba komai, kuma bayan shekaru yana iya zama sanadin kansar mafitsara. Ga mata yana taba mahaifa da gaba, a yi ta maganin sanyi ba sauki.

In kwayar cuta ce, ga radadi ga yawan zagayawa ga ciwon mara, an fi gani ga mata, magani daidai da sakamakon shuka yana gamawa da ita. Namiji kuma in ta kama shi, ko yaro karami, ko mace da take ta maimaitawa, a nemi dalili da sikanin.

In dutse ne zaka sani tun kafin a fada maka, ciwon kwibi mai murdawa yana saukowa mara har maraina, mutum ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya fi yawa ga masu aiki a rana basu shan ruwa, lokacin bazara musamman. Kanana kasa da milimita 5 yawanci suna fita da kansu, manya sai an fasa ko an cire.

In yaro ne fuska ta kumbura da safe, fitsari kalar shayi kuma ya ragu, bayan sati daya zuwa uku da ciwon makogwaro ko sati uku zuwa shida da kurajen da suka yi mugunya, matatan koda ne suka kumbura. Mafi yawan yara suna warkewa sarai, hadarin yana cikin makonnin farko ne saboda hawan jini da taruwar ruwa, don haka likitan yara zai gani kuma watakila a kwantar dashi. Babba mai jini da furotin tare, ko hawan jini, ko kiriyatinin ya hau, likitan koda ne nasa. Mai sikila, har da AS da ake ganin lafiyarsa kalau, yana iya yin fitsarin jini ba ciwo, amma sai an kore sauran dalilai kafin a dora wa jinsin jini.

Sai wanda na fi so a ji da kyau. Mutum ya haura 40, jini ya fito ba ciwo ba zazzabi, ya dauke. Baba ko kawu zai ce ai ya wuce, ku 'ya'ya kar ku yarda, ku lallaba shi ku kai shi wajen likitan tiyatar mafitsara. Zai iya zama furostet ne kawai ya girma, amma kansar mafitsara da ta koda haka suke sallama, musamman ga mai shan taba ko wanda ya yi tsargiya yana yaro. Kuma ko sikanin ya fito kalau baya wanke shi, karamin tsiro sai kyamara ke ganinsa. Yaro kasa da shekara biyar da aka ji kullutu a cikinsa lokacin wanka shima kar a kwana.

Kwararrun nan ana samunsu a asibitocin koyarwa, na Malam Aminu Kano wanda tun 2002 yake dashen koda, na Shika a Zariya, na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, na Maiduguri, a Kano akwai kuma asibitin mafitsara na Abubakar Imam, a Nijar manyan asibitocin kasa na Yamai. Ka karbi takardar turawa daga inda ka fara, ka tafi da duk sakamakonka don kar a sa ka maimaita.

9. Sha maganin yadda aka ce, sannan ka koma

Maganin tsargiya praziquantel ne, ana bada shi gwargwadon nauyi, miligiram 40 a kowane kilo, shi yasa ake dora mutum a sikeli ko a auna tsawon yara a makaranta, ba kwaya daya ga kowa ba. A ci abinci a koshi kafin a sha, zai iya sa jiri ko ciwon ciki na dan lokaci. Wanda ake rabawa a makarantu kyauta ne, iyaye a daina hana yara karba. Jinin bazai dauke a ranar ba, yakan dauki makonni, wani lokacin a maimaita maganin don baya kashe tsutsar da bata girma ba. Kuma baya hana sake kamuwa, yaro ya koma kududdufin gobe an dawo farko. In ruwan dam din ne kadai kuke dashi, a debo a ajiye a mazubi kwana biyu kafin a yi wanka dashi ko a tafasa, mai noman rani ya sa takalmin roba dogo, kuma a hana yara fitsari a cikin ruwan don ta haka kwan ke komawa. In an samu daya a gida a gwada sauran da suke zuwa ruwan tare.

Maganin kwayar cuta a shanye kwanakin duka ko da an ji sauki a rana ta biyu.

Babban kuskuren wannan matakin shine rashin komawa. Bayan kamar sati shida da gama magani a sake gwajin fitsari, ko da idonka yana ganinsa fari tas, don jinin da ido baya gani zai iya kasancewa yana nan, in yana nan kuwa ba cutar da aka yi wa magani bace kadai, akwai wani abu a karkashi da ya kamata a bi. Kudin wannan komawar bai kai komai ba in ka hada da wankin koda, wanda ake so a yi sau uku a sati, ko bayan rangwamen da gwamnatin tarayya ta sanar a 2025 daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta irin su na Maiduguri da Azare, ka lissafa na wata daya ka gani, ban da kudin mota da allurai da karin jini.

10. In an bincika ba a ga komai ba

Yana faruwa, kuma yawanci labari ne mai dadi, amma ba a rufe fayil. Duk shekara a auna hawan jini, a duba furotin da jini a fitsari, a duba kiriyatinin, don wasu cututtukan matatan koda sai bayan shekaru suke bayyana kansu. Mai hawan jini ko suga ya rike maganinsa kullum ba sai kai ya yi ciwo ba, a rage gishiri da dunkulen magi, a bar shan maganin ciwon jiki kullum dare bayan an taso daga aiki, a bar taba. Mai azumi da ya taba yin dutse ya raba shan ruwansa tsakanin buda baki da sahur, wanda kodarsa ta riga ta yi rauni kuma ya tambayi likitansa kafin watan ya kama. Takardun gwajin a hada su a leda daya da kwanan wata a jiki, kiriyatinin na bana sai an ajiye shi kusa da na bara ake gane ko koda tana tsaye ko tana sauka. In jan ya sake bayyana, ko kumfa ta karu, ko kafa ta fara kumbura, ba sai shekara ta zagayo ba, a koma a satin.